Haƙarƙarin da Sarakuna Suka Biya Aka Sassaƙa: Masu Gudun Duniya a Zane-zanen Indiya

Mafi yawan abin da mutanen karkararmu suka sani game da ƙasar Indiya daga fina-finai suka samo shi, sai kuma labaran waɗanda suka je neman magani da na ɗaliban da suka je karatu. Kusan kowa ya taɓa ganin wani tsoho a cikin fina-finan nan mai dogon gemu da cukurkuɗaɗɗen gashi, jikinsa shafe da toka, yana zaune a gindin bishiya ko a bakin kogi, amma da wuya a samu wanda ya tsaya ya tambayi inda wannan siffa ta samo asali. Siffar mutumin da ya juya wa duniya baya ta haura shekara dubu biyu tana bayyana a duwatsu da bangwaye da takardun wannan ƙasa, kuma ba addini ɗaya ne ya riƙe ta ba. Mabiya Buda sun sassaƙa ta, mabiya addinin Jain da Hindu sun sassaƙa ta, sarakunan Musulmi na daular Mugal sun sa an zana musu ita, mabiya addinin Sikh ma suna da abin cewa a kanta. Indiyar da nake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda ta haɗa har da Pakistan ta yau kafin rabuwar 1947.

Ni Musulmi ne, kuma na san matsayin addinina a kan gumaka da bautarsu, don haka ba da idon mai bauta nake duban waɗannan abubuwa ba. Ina dubansu ne kamar yadda nake duban zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a nan Jigawa, wato a matsayin shaidar abin da ya dami zukatan mutanen da suka gabace mu. Gudun duniya kuwa ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu, tun da mun taso muna jin waƙoƙin wa'azi da ke kiran duniya rumfar kara, shi ya sa na ga ya dace mu san yadda wasu al'ummu suka bayyana irin wannan damuwa.

Labarin Buda shi ne mafarin da ya fi sauƙin bi. Sunansa Sidarta, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kuma mabiyansa suna cewa yana da shekara 29 ya bar fada da mata da ɗa, bayan ya ga tsoho da majinyaci da gawa da kuma wani mai gudun duniya. Masassaƙan farko ba su yarda su fito da jikinsa ba. A ƙofar gabas ta babban ginin ibada na Sanchi, wadda aka sassaƙa kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, ana ganin doki yana fita daga birni da sirdi ba mahayi, an riƙe laimar sarauta a kansa, daga ƙarshe sai a ga sawun ƙafa biyu a ƙasa, dokin kuma ya juyo gida ba laima. Ba a nuna mutumin ba sam, abin da ya bari kawai aka nuna. Ko bayan da aka fara fito da siffarsa, an ci gaba da yi masa dogayen kunnuwa masu huda ba 'yan kunne, domin mai kallo ya gane cewa a da akwai zinariya mai nauyi a wurin.

A yankin Gandara, wanda ya haɗa kewayen Feshawar da gabashin Afganistan, masassaƙa sun bi wata hanya dabam a zamanin daular Kushan. Mutum-mutumin da ya fi shahara daga can shi ne wanda aka tono a wani wuri da ake kira Sikri, yanzu yana gidan adana kayan tarihi na Lahor, kuma ana danganta shi da ƙarni na biyu ko na uku bayan haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, amma wanda ya ga hotonsa ba zai manta ba. Sidarta ne a zaune ya harɗe ƙafafu, idanu sun faɗa can cikin kwarmi, kumatu sun lotsa, haƙarƙari sun fito ana iya ƙirga su, ciki ya manne da baya, jijiyoyi sun yi raɗa-raɗa a goshi da ƙirji, duk da haka bayansa a miƙe yake kamar babu abin da ya same shi. Wannan yana nuna shekaru shida da ya yi yana azabtar da jikinsa da yunwa. Abin lura shi ne, a koyarwar addinin nasu, wannan hanya ce da shi kansa ya gwada ya ga ba ta kai shi ko'ina ba, har ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata yarinya mai suna Sujata, ya koma kiran mutane zuwa ga tsaka-tsaki. Ke nan masassaƙin ya zuba iyakar gwanintarsa a kan matakin da mai addinin ya bari.

Mutumin birni yana iya kallon wannan dutse ya yaba gwanintar hannu ya wuce, amma mu da muke zaune a ƙauye ba haka muke ganinsa ba. Mun san irin wannan haƙarƙari. Muna ganinsa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, aikin gona kuma ya kai maƙura, muna kuma ganinsa a jikin yaran da tamowa ta kama. Ina kyautata zaton masassaƙin Gandara ma ba daga tunaninsa ya ƙago wannan jiki ba, ya ga mayunwata da idonsa a kasuwa ko a bakin hanya. Sai dai ba su aka sa shi ya sassaƙa ba. Yunwar da ta cancanci dutse da da'irar haske a bayan kai ita ce ta ɗan sarki wanda ya zaɓe ta alhali yana da abinci a gida, yunwar talaka kuwa, wadda ba shi ya kira ta ba, aron siffarta kawai aka yi. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan: kusan duk manyan masu gudun duniya da aka ɗaukaka a dutse da takarda 'ya'yan sarauta ne ko 'ya'yan attajirai, kuma waɗanda suka biya kuɗin aikin su ma sarakuna ne da waziransu da manyan fatake.

Mabiya addinin Jain sun fi kowa tsanani a azumi da ƙauracewa jin daɗi, har malaman ɗaya daga cikin manyan ɓangarorinsu biyu, wato Digambara, ba sa sa tufa ko kaɗan, kuma wanda zai shiga wannan hanya da hannunsa yake tuge gashin kansa. A littattafansu masu zane da aka yi a Gujarat a ƙarni na 15 ana ganin Mahabira, jagoransu na 24, wanda shi ma ɗan sarauta ne, yana tuge gashinsa a gindin bishiya. Duk da wannan tsanani, ba za ka ga ramamme a cikin mutum-mutumin jagororinsu ba. Wani sanannen misali yana kan wani tsauni a Shravanabelagola, jihar Karnataka, inda wani waziri kuma sarkin yaƙi na daular Ganga mai suna Chavundaraya ya sa aka sassaƙa siffar Bahubali, wani ɗan sarki da mabiya Jain suke girmamawa, wajajen shekarar 981, daga dutse guda ɗaya, tsayinta kimanin mita 17. Jiki ne cikakke mai faɗin kafaɗa, yana tsaye ƙyam, hannaye sun sauka ba su taɓa cinya ba, fuska kuma a natse. Alamar wahala ba a naman jikin take ba, tana kewayensa ne: tsiro mai yaɗo ya nannaɗe ƙafafunsa ya hau har damatsa, gara ta gina suri a gefen ƙafafunsa, macizai suna leƙowa daga ciki. Masassaƙin Gandara ya nuna abin da azumi ya ci daga jiki, na Karnataka kuwa ya nuna tsawon lokacin da mutum ya yi bai motsa ba.

Labarin da ke bayan wannan tsayuwa ya fi dutsen burge ni. Bahubali da yayansa Barata sun yi rigima a kan sarautar mahaifinsu, suka yarda su gwabza su biyu kawai don kada a zubar da jinin talakawa, Bahubali ya yi nasara, amma a daidai lokacin sai abin ya ba shi kunya, ya bar wa yayan nasa mulkin ya shiga daji, ya tsaya wuri ɗaya shekara guda. A wata ruwayar tasu an ce duk da haka bai samu abin da yake nema ba, domin akwai ɗan tunani ɗaya da ya maƙale masa, wato ƙasar da yake tsaye a kai ta yayansa ce, sai da Barata ya zo ya ƙasƙantar da kai a gabansa sannan wannan ƙulli ya kwance. Duk wanda ya taɓa shiga sulhun rabon gona tsakanin 'yan'uwa ya san cewa mutum yana iya cewa ya yafe a gaban dagaci, zuciyarsa kuma ta ci gaba da auna iyakar gonar shekara da shekaru. A yau, duk bayan shekara 12 ana kafa katafaren dandamali a bayan mutum-mutumin, a riƙa kwarara masa madara da ruwan rake da kurkum da turaren sandal daga sama, kuma attajirai ne ke yin gwanjon tulunan farko da za a zuba. An yi bikin na baya-bayan nan a 2018.

A bakin tekun jihar Tamil Nadu akwai garin Mahabalipuram, inda sarakunan Pallava suka sa aka sassaƙa fuskar wasu manyan duwatsu biyu a ƙarni na 7, faɗinsu ya kusa mita 30. Giwaye ne kusan girman na gaske, da birai da barewa da zakuna da mutane da halittun sama, kusan dukkansu sun fuskanci wata tsaga da ke tsakiyar dutsen, wadda take wakiltar kogin Ganga. A sama kusa da tsagar akwai wani ramammen mutum tsaye a kan ƙafa ɗaya, hannayensa a ɗage, haƙarƙarinsa a waje, kuma Shiba, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar Hindu, yana tsaye gefensa yana miƙa hannun kyauta. Masana sun rabu biyu a kan ko wane ne shi. Wasu sun ce Bagirata ne, sarkin da ya wahalar da kansa don kogin ya sauko ƙasa ya wanke tokar kakanninsa, wasu kuma sun ce Arjuna ne, jarumin da ya yi haka don ya samu makamin yaƙi. Ko wanne ne daga cikinsu, a nan wahalar da jiki ba barin duniya ba ce, hanya ce ta neman biyan buƙata, domin a tatsuniyoyin Hindu wannan wahala tana tara wa mai yin ta ƙarfi har a ba shi abin da ya roƙa, ko da kuwa mugu ne.

A ƙasan wannan dutse, kusa da hauren babbar giwa, masassaƙan sun ajiye wani abu da ya nuna cewa idonsu a buɗe yake. Muzuru ne tsaye a kan ƙafafun baya, ya ɗaga na gaba sama, yana kwaikwayon ramammen nan na sama daidai wa daida, ɓeraye kuma sun kewaye shi suna wasa cikin kwanciyar hankali, sun amince ya daina farauta. Bahaushe bai buƙatar a yi masa bayani a nan, domin tuban muzuru ne da muka sani, kaza a baki. Mutanen da suka kwashe shekaru suna dukan dutse don girmama mai gudun duniya, su ne kuma suka gargaɗi mai kallo a kan dutse guda cewa tsayuwar da ɗaga hannun kowa yana iya aro.

Mata ba su da yawa a wannan fage, amma akwai ɗaya da ba a tsallake ta. Karaikkal Ammaiyar mawaƙiya ce ta ƙasar Tamil da ta rayu wajajen ƙarni na 6, matar wani falke, wadda labari ya ce mijinta ya ji tsoron abubuwan al'ajabi da ya gani tare da ita ya gudu ya sake aure, ita kuma ta roƙi a ɗauke mata kyan jikinta. Maƙeran daular Chola, waɗanda suka saba zuba tagulla su fitar da mata masu cikar jiki, ita sai suka fitar da ita ƙashi da fata, tana zaune tana kaɗa 'yan faifan ƙarfe tana waƙa, fuskarta cike da fara'a.

Da aka zo zamanin sarakunan Mugal, aikin ya tashi daga dutse ya koma takarda, idon mai zane kuma ya koma kan mutanen da ake gani a hanya maimakon na tatsuniya. A 1567 Sarki Akbar ya tarar da ƙungiyoyi biyu na masu gudun duniya na Hindu a Thanesar suna rigima a kan wurin zama a bakin wani tafki mai tsarki a wurinsu, domin a nan ne maziyarta suka fi ba da sadaka. Rigimar ta zama yaƙi, sarkin ya tsaya yana kallo, daga baya ya sa mutanensa su taimaki ɓangaren da ba shi da yawa. Bayan fiye da shekara ashirin, babban mai zanen fada Basawan ya tsara wannan yaƙi a shafuka biyu na littafin tarihin mulkin Akbar, kuma shafukan suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Ana ganin mutane masu bante da toka suna sara da takubba da mashi mai baki uku, jini yana zuba, duk a kan gurbin karɓar sadaka.

Jahangir ɗan Akbar, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, shi ne ya fi son a gan shi tare da irin waɗannan mutane, kuma zane biyu na zamaninsa sun cancanci a ajiye su gefe da gefe. A na farko, wanda Bichitr ya zana kuma yake gidan tarihi na Freer a Washinton, sarkin yana zaune a kan wani katon agogon yashi, rana da wata sun zama da'irar haske a bayan kansa, yana miƙa littafi ga wani dattijon shehin Sufaye mai farin gemu, alhali sarkin Turkiyya da Sarki Jems na ɗaya na Ingila suna jira a ƙasa, mai zanen kansa kuma yana can ƙarshen layi. Rubutun Farisanci da ke jikin zanen yana cewa ko da yake sarakuna ne ke tsaye a gabansa, zuciyarsa tana wurin talakawan Allah. Magana ce mai daɗi, amma duk wanda ya dubi zanen zai ga cewa sarkin ne mafi girma, shi ne a sama, shehin kuwa ya buɗe mayafinsa yana karɓar kyauta daga ƙasa. Zane na biyu, wanda ake dangantawa da Govardhan kuma yake Faris, yana nuna ziyarar da Jahangir ya kai wa wani Bahinde mai suna Jadrup kusa da Ujjain a 1617. Sarkin da kansa ya rubuta cewa ya sauka ya taka da ƙafa zuwa wurinsa, cewa mutumin yana zaune a wani ƙuntataccen rami a jikin tudu, ba shi da komai sai ƙyallen rufe al'aura, abincinsa kuma loma biyar ce ta sadaka a yini. A wannan zane su biyun suna zaune a ƙasa suna fuskantar juna, fadawa da dawaki an bar su can nesa. A ganina wannan ne ya fi gaskiya, domin a na farko shehin ne ya zo fada, a na biyu kuwa sarki ne ya je bakin rami.

Cuɗanyar ba ta tsaya ga ziyara ba. Shehu Muhammad Gaus na Gwalior, jagora a ɗariƙar Shaɗɗariyya wanda ya rasu a 1563, ya rubuta littafi da Farisanci mai suna Bahrul Hayat a kan zama da sarrafa numfashi irin na masu yoga, kuma kwafin da aka ƙawata da zane a Allahabad a farkon shekarun 1600, wanda yanzu yake Dublin, yana cikin mafi daɗewar littattafan da suka jera zaman yoga a hoto ɗaya bayan ɗaya. Jikan Jahangir kuma, wato Yarima Dara Shiko, Baƙadire ne, ya yi zama a gaban Miyan Mir na Lahor, ya karɓi ɗariƙa a hannun almajirinsa Mulla Shah, kuma an zana shi sau da yawa a durƙushe gaban shehunai a kan tabarma. Mutanen Kano da suka saba ganin Maukibin Ƙadiriyya kowace shekara za su yi mamakin jin cewa silsilar Shehu Abdulƙadir Jilani ta shiga har cikin fadar Mugal. Dara ya zurfafa cikin littattafan Hindu har ya fassara wasu a 1657, abin da ya zama hujja a hannun ƙanensa Aurangzeb, wanda ya ci shi da yaƙi, ya sa aka zaga da shi titunan Delhi cikin tsumma, aka kashe shi a 1659.

A ƙarni na 18 masu zane a arewacin Indiya sun yawaita zana wani mutum da kowane almajirin zaure a ƙasar Hausa ya san sunansa, wato Ibrahim ɗan Adhama, wanda aka ce ya bar sarautar Balkh ya kama yawo yana cin guminsa. Suna nuna shi zaune a daji da dare, mala'iku suna kawo masa akushi bayan akushi, can gefe kuma ga wani fakiri shi kaɗai da ɗan abinci kaɗan. Hikayar da ke tare da zanen, wadda ba hadisi ba ce, tana cewa fakirin ya yi ƙorafi, aka amsa masa cewa Ibrahim mulki ya bari, shi kuwa abin da ya bari bai taka kara ya karya ba. Wannan hikaya ta dame ni, domin tana nufin talaka ko a gudun duniya ma a baya yake. Na kai maganar gaban wani dattijon malami a garinmu bayan sallar La'asar, na ce, "Allah gafarta Malam, ashe wanda bai mallaki komai ba ba shi da rabo a zuhudu?" Ya ce, "Ɗana, masu zanen nan hannu suke iya gani, shi ya sa suke ƙirga abin da hannu ya saki. Malamanmu sun ce zuhudu hawa uku ne, barin haram, da barin abin da ya wuce buƙata daga halal, da barin duk abin da zai shagaltar da kai ga barin Allah, kuma na farkon nan mai akuya ɗaya da mai garke duk an kira su gare shi." Ya kuma tuna mini hadisin mutum uku da suka yi niyyar ɗaya ya yi azumi ba hutu, ɗaya ya raya dare ba barci, ɗaya ya ƙaurace wa aure, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su, ya ce wanda ya ƙi sunnarsa ba ya tare da shi.

Wannan ne ya sa namu gudun duniyar bai bar haƙarƙari a dutse ba, a baitoci da littattafai ya zauna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son mulki da dukiya ya fara shiga jama'ar jihadi, ya bar rundunar ya nufi gabas, amma da ya iso Kano mutane suka roƙe shi ya tsaya, sai ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu littafi a kan yadda ake shugabanci da adalci, sannan ya koma. A Indiya ma akwai wanda ya ƙi yarda da shiga daji. Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh kuma ya rayu daga 1469 zuwa 1539, ana zana shi tare da abokin tafiyarsa Mardana, Musulmi makaɗin garaya irin tasu, yana muhawara da masu yoga a kan duwatsu, yana zarginsu da barin jama'a cikin wahala sannan su dawo bara ƙofar magidantan da suka raina. Shi kansa a Kartarpur ya ƙare rayuwarsa yana noma tare da iyalinsa.

Inda alaƙar sarki da mai gudun duniya ta kai ƙarshenta shi ne Jodhpur, a hamadar Rajastan. Akwai wata ƙungiyar masu yoga da ake kira Nath, waɗanda ake ganewa da manyan zobba da suke sawa a tsakiyar kunne bayan an tsaga shi. A 1803 wani yarima mai suna Man Singh yana kewaye da abokan gaba a ganuwar Jalore, ya kusa miƙa wuya, sai wani malamin Nath mai suna Devnath ya ce masa ya ƙara haƙuri, kuma ba da daɗewa ba ɗan'uwansa da ke kan gadon sarauta ya mutu, sarautar ta faɗo hannunsa. Daga nan ya ɗauki mulkinsa a matsayin kyautar Nath, ya gina musu katafaren wurin ibada na Mahamandir, ya ba su filaye da kuɗin shiga, ya sa masu zanen fada suka cika manyan takardu da siffofinsu. A waɗannan zane-zane babu rama ko kaɗan, sai samari masu santsin fata, sanye da lu'ulu'u, zaune a kan shimfiɗu masu ado, bayansu kuma zinariya zalla, yayin da sarki yake tsaye a gabansu hannu a haɗe. Nath suka zama masu faɗa a ji a fada, hakimai suka fusata, aka kashe Devnath a 1815, sojojin Ingila kuma suka shiga Jodhpur a 1839 don karya ƙarfinsu. Da Turawa suka kama manyansu a 1843, Man Singh ya bar fada, ya shafa toka a jikinsa kamar ɗaya daga cikinsu, kuma a wannan shekarar ya mutu a Mandore, tsohon birnin kakanninsa da ke wajen gari.